Zanen Alli a Ƙofar Alƙali

A shekara ta tara da hawan Sarki Barmo gadon Birnin Bagaruwa, ranar wata Laraba da kasuwa ta cika ta batse, wani mugu ya cinna wa tulun albarushi wuta a rumfar masu sayar da mai. Kafin a ankara wuta ta bi rumfuna layi-layi, kafin la'asar kuma an yi wa mutum goma sha bakwai sutura. Wata mai tuyar ƙosai da Allah ya yi wa sauran kwana ta ce ta ga wanda ya ajiye tulun, dogo ne, kunnensa na hagu yankakke. Da jin haka dattawa suka dubi juna. Kyauro ke nan, wanda aka yanke wa kunne a wannan kasuwa shekara goma baya saboda satar doki, ya tsere Dutsin Mikiya ya zama karen farautar sarkinsu. Bagaruwa da Dutsin Mikiya kuwa tun kakanni ba sa ga maciji da juna. An rufe ƙofofin gari guda shida tun hayaƙi bai lafa ba, saboda haka kowa ya san Kyauro yana ciki. Abin da ba a sani ba shi ne a gidan wa.

To, a Bagaruwa akwai wata doka da ta girmi ganuwar garin. Dogari ba ya wuce zauren mutum ya shiga cikin gida sai da sandar shiga a hannunsa. Sanda ce ta icen kanya mai kan tagulla, kullum tana jingine a bayan buzun alƙali, ba ta fita sai wani ya zo ya dafa Alƙur'ani ya ce da idonsa ya ga abu kaza a gidan wane. Rantsuwa ɗaya ba ta buɗe fiye da gida ɗaya, kuma ba a taɓa komai sai abin da aka ambata. Ko da sandar ma, sai mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofa, tsofaffin mata biyu su fara shiga su kimtsa matan gida, sannan namiji ya sa ƙafa. Masu sarauta sun sha gunaguni cewa dokar nan tana da jan ƙafa, amma ba a taɓa samun wanda ya ce a fara karya ta daga gidansa ba.

Mai riƙe da sandar a wannan zamani shi ne Alƙali Gwadabe, siririn dattijo mai ƙaramar murya da taurin kai. Abu biyu ake riƙe da su a kansa, ba a kuma fito da su sai ranar da ake bukata. Na farko, mahaifiyarsa 'yar Dutsin Mikiya ce, an auro ta a wani ɗan sulhu da bai yi tsawon rai ba. Na biyu, ranar da aka kama Kyauro da dokin sata fada ta so a kashe shi, Gwadabe ne ya ce satar doki ba ta kai rai ba, aka tsaya a kunne.

Da hantsin Alhamis Sarki ya tara majalisa. Sarkin Dogarai Nomau ne ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa. Ƙato ne mai jan ido, kuma gaskiya ita ce yana da dalilin jan idon, don ƙanwarsa tana cikin waɗanda aka binne jiya.

"Zaki, Allah ya ja zamaninka," in ji shi. "Gida dubu huɗu ne a cikin ganuwar nan, sanda kuwa ɗaya ce. In muka ce sai an rantse a kan kowane gida, Kyauro zai yi furfura a garinmu, ya ƙone abin da ya rage. Ina roƙon a sakar mini hannu kwana uku, in shiga inda na ga dama ba tare da sanda ba. Wanda ba ya ɓoye komai ba shi da abin tsoro."

Sarki ya juya ya dubi Alƙali. Gwadabe ya gyara zama, ya ce shi ma ya yi wa gawa goma sha bakwai salla, kuma ba wanda ya fi shi son a kama mai laifin.

"Amma ranka ya daɗe, kowane gida yana ɓoye wani abu," ya ce. "Wani yana ɓoye mara lafiya, wani yana ɓoye talaucinsa, wani matarsa ce a ɗaki ba lulluɓi. Mutanen nan su ne idanunmu. Suna kawo mana labari ne don sun san sanda gida ɗaya za ta nufa. Ranar da suka ga labarin da suka kawo ya jawo an tone unguwarsu duka, za su rufe baki, mu kuwa mu zama makafi da takubba a hannu."

Nomau bai yi gardama da wannan ba. Sai kawai ya ce, cikin ladabi kamar mai tuna wa majalisa abin da ta manta, ba wannan ne karo na farko da Malam ya tsaya tsakanin Kyauro da takobi ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji tausayin dangin uwarsa. Gwadabe ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda Sarki ya daɗe yana kallonsa kafin ya kau da ido. Sarki Barmo ba azzalumi ba ne, sai dai mutum ne da idan zato ya shiga ransa ba ya fita da sauri. Ya yanke cewa sanda ta huta kwana uku, dogarai su shiga ko'ina.

Nomau ya raba mutanensa gida biyar, kowane rukuni da unguwanninsa. Don kada a maimaita gida, ya ba su alli ya ce duk inda aka gama dubawa a yi zane uku a saman ƙofar zaure, wanda ya ga zanen ya wuce. Dabarar ta burge shi ƙwarai, har ya faɗe ta sau biyu a gaban Sarki.

Da Unguwar Maƙera aka fara, wai don mai albarushi ba ya nesa da masu ƙarfe. Aka ɓalle ƙyaure, aka kifar da randuna, aka soka mashi cikin rumbuna. A gidan Sarkin Maƙera Ƙosau dogarai suka faɗa ɗakin surukarsa tana tsakar wankan jego. Sannan suka ga kawunan kibiyoyi tari-tari, waɗanda Madawaki da kansa ya sa a ƙera wa mayaƙan gari, suka kwashe su a buhuna a matsayin shaida. Da suka fita, Ƙosau ya miƙe. Ya ɗebi ruwa ya kwara a maƙerarsa, duk maƙeran unguwa suka yi yadda ya yi. Al'adarsu ce tun fil azal, idan aka keta gidan maƙeri ba a hura wuta sai sarki ya aiko da ban-haƙuri.

Da yamma Gwadabe yana komawa gida sai ya ji wani abu ya ɓace masa, ya tsaya a hanya yana laluben ko mene ne. Can ya gane. Tun yana yaro bai taɓa wuce nan bai ji masaba, gudumar ƙira, tana dukan uwar maƙera ba, yau kuwa shiru, ba ko hayaƙi a saman unguwar. Wani tsoho da ke zaune gindin durumi ya ce masa rabon da a ga haka tun shekarar da aka ci tsohon birni da yaƙi. Gwadabe bai yarda da camfi ba, amma ya ƙara sauri.

Gidan alƙali a Bagaruwa ba ya rabo da baƙi. Mutanen ƙauye da suka kawo ƙara rana ta faɗi musu sukan kwana a ɗakunan farfajiya da ke tsakanin zaure da cikin gida, a ba su tuwo, ba a tambayar kowa asalinsa. Rufe ƙofofin gari ya tsare mutum bakwai a wurinsa. Akwai Fulani biyu masu rigimar saniya, akwai wata tawaga ta masu rabon gado, akwai kuma wani mai gemu da ya ce sunansa Sallau, ya zo kan iyakar gona, kullum yana naɗe da rawani ya ja amawali har hanci, wai haƙori ke damunsa. Gwadabe ya gaishe su daga nesa ya wuce, don hankalinsa yana ciki. 'Yarsa ta zo wankan gida, ta haihu ranar Talata, kuma abin da aka yi wa surukar Ƙosau ya tsaya masa a rai.

Da safiyar Juma'a ya fito zai tafi majalisa, ya ɗaga kai, sai ga zane uku na alli a saman ƙofarsa. Babu dogarin da ya taka gidan. Ya koma ciki ya tambayi matarsa Yalwa ko ita ta sa aka yi, ta ce ita da take zaton shi ne ya yi don ya kare 'yarsa. Suka tsaya suna kallon juna, kowa bai gamsu ba, bayan shekara talatin da aure. Ya tambayi barori, kowa ya rantse. Ya fito ya sake duban zanen, ya miƙa hannun riga zai goge, sai ya ji kukan jikarsa daga ciki. Ya sauke hannun. Wannan ne abin da Gwadabe bai taɓa yafe wa kansa ba, domin ya san zanen ƙarya ne kuma ya ji daɗin ganinsa.

A hanya ya ga ba shi kaɗai ba ne. Unguwar Marina dogarai ba su kai gare ta ba tukuna, amma rabin ƙofofinta da zane. Alli kuwa ba na fada ba ne, kowace mai kaɗin auduga tana da shi a lefenta. Magidanta sun ga zane uku yana hana a shiga wa matansu, sai kowa ya tashi ya yi nasa. Rukunin dogarai na farko ya ga zane ya ce na biyu ne suka yi, na biyu ya ce na uku ne, suka yi ta wucewa suna murna aiki yana sauri. Ba wanda ya gaya musu, don yanzu ba mai gaya wa dogari ko hanyar rijiya. A zauren shari'a ma haka, yini guda Gwadabe yana zaune, ba mutum ɗaya da ya zo ya ce ya ga wani abu.

Bayan an sauko daga masallaci manzo ya iso a kan doki duk kumfa. Ya ce rundunar Dutsin Mikiya ta ƙetare kogi, dawaki ɗari takwas da dakaru ba iyaka, ranar Lahadi da hantsi za su iso ganuwa. Madawaki Ɗangoje, shugaban mayaƙa, ya tashi ransa a ɓace. Ya ce kibiyoyinsa suna ɗaure a buhu a gidan dogarai, maƙera sun kashe wuta, mazan da ya kamata su hau ganuwa kuma kowa yana tsaye a zaurensa yana gadin iyalinsa daga dogaran sarkinsa. Ya ce ba don kasuwa kaɗai aka aiko Kyauro ba, akwai ƙofar da zai ƙone musu daga ciki ranar da suka iso. Nomau ya amsa cewa ai wannan ne dalilin da ya sa ba za a sassauta ba, kuma saura kaɗan ya gama gari. Sannan ya ƙara da cewa Kyauro ba zai kwana uku a Bagaruwa ba sai da babban mutum a bayansa. Bai dubi kowa ba da ya faɗi haka, sai sauran majalisa suka duba masa.

Ranar Asabar da hantsi Gwadabe yana zauren shari'a shi kaɗai, sai ga Iya Tabawa tana dogara sanda. Ungozoma ce, ta haura tamanin, ita ta yanke wa rabin garin cibiya har da shi Gwadaben, kuma ita ke zuwa yi wa 'yarsa wanka safe da yamma. Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta dubi sandar shiga da ke jingine.

"Gwadabe, wannan icen yana da sauran rai, ko ya zama na hura wuta?"

Ya ce mata Sarki ya ba shi hutu, bai kashe shi ba. Ta murza bakin zaninta, sannan ta ce jiya da azahar ta fito daga wajen maijego, ta bi ta bayan rijiyar farfajiya, ta tarar da baƙonsa mai ciwon haƙori yana alwala shi kaɗai. Ya ɗaga rawani zai shafi kunnuwa, hannunsa na hagu ya shafi wurin da ba kunne.

Gwadabe ya miƙe tsaye. Ya tambaye ta don me ba ta faɗa tun jiya ba.

"In gaya wa wa?" ta ce. "In gaya wa Nomau ya kawo mini ƙatti talatin su faɗa kan yarinyar da ta haihu kwana uku? Da zamanin sanda ne, tun kafin ruwan alwalarsa ya bushe da na zo na rantse. Jiya ban runtsa ba, ɗana. Na gaya maka, sauran kuma kai da Allah."

Sai yanzu komai ya hau kan layi a zuciyarsa. Kyauro ne ya zana ƙofar. Ya zaɓi gidan da ba a tambayar baƙo, ya kuma zaɓi gidan mutumin da ya sa aka yanke masa kunne, don ko an kama shi ba zai tafi shi kaɗai ba. Gwadabe ya auna yadda abin zai kasance a idon Sarki. Ɗan 'yar Dutsin Mikiya, wanda ya taɓa ceton ran ɓarawon, wanda ya hana a shiga gidaje, ga zanen ƙarya a ƙofarsa kwana biyu bai goge ba, ga Kyauro yana cin tuwonsa. Ko shi aka kawo wa wannan shari'a zai daɗe yana kallon mai gidan. Akwai hanya mai sauƙi, ya sani. Zai iya komawa ya sallami baƙinsa duka, ya ce gida ya yi ƙunci, Kyauro ya fita ya nemi wata ƙofar mai zane, ba wanda zai taɓa ji. Iya Tabawa ba za ta tona shi ba. Amma gobe da hantsi wata ƙofar gari za ta ci wuta. Ya ji tsoro ƙwarai, amma ya jawo gafakar Alƙur'ani ya ce mata ta dafa.

Ya ɗauki sandar da kansa ya ratsa gari zuwa fada, mutane suna leƙowa daga zaurukan da suka zana. Ya tarar da majalisa a zaune, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye sandar a gaban Nomau.

"Zaki, an rantse a gabana," ya ce. "Shaida ta ga Kyauro da idonta. Yana ɗaki na uku a farfajiyar gidan Gwadabe alƙali. Ga sandar shiga, don wannan gida, don wannan mutum. A kira mai unguwa, a nemo tsofaffi biyu."

Nomau ya ce ai an duba wannan gida, ya ga zane da idonsa. Gwadabe ya ce ba a duba ba, kuma in Sarkin Dogarai ya tara mutanensa ya tambayi wanda ya shiga Unguwar Marina zai ji abin da ba zai yi masa daɗi ba. Nomau ya so ya tafi da ƙatti talatin, Madawaki ya ce in aka yi haka mutumin zai ji tafiyarsu tun daga bakin kasuwa ya tsallake katanga. Sarki ya ce a bi yadda sanda ta saba.

Haka aka yi. Iya Tabawa da wata tsohuwa suka shiga kamar masu zuwa barka, suka tara mata da jaririya a ɗaki ɗaya suka ja ƙyaure. Mai unguwa ya kira sauran baƙi waje ɗaya-ɗaya da sunan ana rabon goro. Dogarai shida suka shiga, Nomau a gaba da sanda a hannun hagu. Kyauro ya fito da wuƙa ya tsaga wa ɗaya kafaɗa kafin a danne shi, rawanin ya warware a ƙasa. A ƙarƙashin tabarmarsa aka sami tulun albarushi na biyu da guntun alli. Ko randa ɗaya ba a fasa ba a gidan.

A gaban Sarki, Kyauro bai musa komai ba. Ya ce Ƙofar Yamma zai ƙone gobe idan ya ji tamburan mutanensa. Da aka tambaye shi wa ya ɓoye shi, sai ya dubi Gwadabe ya yi murmushi.

"Ku tambayi mai gida," ya ce. "Kwana uku ina cin tuwonsa, miyar ma ba laifi."

Aka fitar da shi, ya kuma san abin da ya shuka. Madawaki ya roƙi Sarki kada a ɓata lokaci, a mayar wa maƙera kibiyoyinsu da ban-haƙuri. Ƙosau da aka kira ya ce goro da riga ba su ne damuwarsa ba, ba za a hura wuta ba sai an yi shela cewa daga yau ba dogarin da zai ƙara wuce zaure ba sanda. Sarki ya ga runduna ta riga ta ƙetaro kogi, ya ga ganuwarsa ba kowa, ya sa sankira ya zaga gari da wannan shela, ya kuma rantse a kanta a gaban majalisa. Amma da Nomau ya tambayi Alƙali yaushe ya fara ganin zanen, Gwadabe ya ce tun safiyar Juma'a. Aka tambaye shi don me bai goge ba. Ya ce don ya ji tsoron a shiga wa 'yarsa. Gaskiya ce, sai dai ba ta yi kama da gaskiya ba a wannan zaure. Sarki ya sake yi masa irin kallon nan, ya ce a tsare Malam a gidan dogarai har a ga abin da yaƙi zai bayyana. Aka mayar da sanda bayan buzun da ba kowa a kai, don ba a naɗa sabon alƙali ana jiran abokan gaba.

Daga ɗakin da aka kulle shi, da mari a ƙafa, Gwadabe ya ji masaba ta fara duka tun kafin la'asar, ɗaya, sannan goma, sannan unguwar duka. Washegari da hantsi ya ji tamburan Dutsin Mikiya. Masu gadinsa ne suka riƙa kawo masa labari. Mayaƙan sun taho kai tsaye Ƙofar Yamma suna jiran hayaƙi daga ciki, sai suka tarar da ganuwa cike da maza, marina da maƙera da mahauta, kowa a yankin da unguwarsa ta gada. Kibiya ta sauka musu kamar ruwan sama. Da suka juya Madawaki ya fita ta Ƙofar Kudu ya sare su daga gefe, ya kora su har bakin kogi. Ba a gama da su ba, sun ja daga a ƙetare, amma ranar dai ta Bagaruwa ce.

Nomau bai yi murna kamar kowa ba. Ƙanwarsa tana kabari, gari yana yi masa dariyar alli, kuma ya riga ya sa a ransa cewa akwai wasiƙun Dutsin Mikiya a akwatin littattafan Alƙali, can cikin gida, a ɗakin Yalwa. In ya same su kan Gwadabe ya tafi, in ma bai samu ba, wanda ya shiga ɗaki shi kaɗai ba ya rasa abin da zai fito da shi. Ya je wa Sarki da maganar. Sarki yana son a duba, wannan ba shakka, amma jiya-jiya ya rantse wa maƙera a gaban majalisa, kuma abokan gaba suna ƙetaren kogi. Ya ce Nomau ya bi ta hanyar sanda. Nomau ya ce ai an riga an ba shi sanda a kan wannan gida. Madawaki ya tuna masa cewa wancan don mutum ne a farfajiya, an kama shi, ta ƙare. Sabuwar shiga sai sabuwar rantsuwa a gaban alƙali, alƙali kuwa ɗaya ne a garin, yana ɗaure a gidan dogarai.

Da la'asar aka buɗe ɗakin da aka kulle Gwadabe. Nomau ya shigo da fadawa huɗu da mai unguwa, an ɗauko sanda da gafaka an ajiye a gaban fursuna. Gwadabe ya jawo ƙafarsa mai mari ya gyara zama kamar yana kan buzunsa. Ya saurari buƙatar har ƙarshe bai katse ba, ya tambayi sunan mai gidan, aka faɗa masa sunansa, ya tambayi abin da ake nema, aka ce wasiƙu. Sannan ya buɗe gafaka ya tura Alƙur'anin gabansu.

"To, wa ya gan su da idonsa? Ya matso ya dafa."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Mai unguwa ya dubi rufin ɗaki. Nomau ya miƙa hannu har ya kusa taɓa bangon littafin, ya tsaya a nan, yatsunsa a buɗe. Mutum ne mai fushi da zato, amma yana tsoron Allah, kuma bai ga komai ba. Ya daɗe a haka kafin ya janye hannun.

Gwadabe ya rufe gafaka, ya ɗauki sandar ya jingine ta a bangon da ke bayansa.

"Ba shaida, ba shiga," ya ce. "In ka wuce ta ƙofar gidan, Sarkin Dogarai, ka taimaka ka ce a goge mini zanen nan."